Guguwar Harvey: Gargaɗi Amana Ce a Wuyan Wanda Ya Ji

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai sarrafa iska da girgije yadda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk shekara idan damina ta yi nisa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, wayoyinmu kan cika da hoton wani farin curin gajimare mai kama da faifai, yana juyawa a kan teku, an ja masa layi ana cewa nan da kwana uku zai afka wa gari kaza a Amurka ko a tsibiran Karibiyan. Mukan kalla, mu tura wa wasu, mu wuce. A majalisunmu kuma akan ji magana iri biyu. Wani ya ce mutanen nan sun cika shisshigi, ina suka san abin da zai faru gobe, ai gaibu sai Allah. Wani kuma ya ce azaba ce ta sauka a kansu, bari su ɗanɗana. A ganinmu duka maganganun biyu kuskure ne, kuma cutarwarsu kanmu take dawowa, domin irin tunanin da muke yi wa bala'in wasu, da shi muke tarar namu ranar da ruwa ya shigo unguwarmu. Saboda haka muka ga ya dace mu ɗauki guguwa guda, wadda aka sa wa suna Harvey a shekarar 2017, mu bi sawunta daga inda ta taso zuwa inda ta yi ɓarna, mu ga abin da sanin hanyarta ya tsare, da abin da ya kasa tsarewa, da kuma wanda nauyin wannan giɓi ya hau kansa.

Daga sararinmu ta taso

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa mafi yawan manyan guguwowin Tekun Atlantika daga sararin Afirka suke samo asali ba. A lokacin damina, bambancin da ke tsakanin zafin Sahara da damshin kudu kan haifar da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa can sama daga gabas zuwa yamma. A cikinta ne tarin hadari ke tasowa daga wajejen tsaunukan Habasha da Darfur, ya ratsa Cadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, ya faɗa teku ta gaɓar Sanagal, wani na bin wani duk bayan kwana uku zuwa biyar. Hadarin gabas da manomi a Katsina ko Damagaram ke ɗaga kai yana jira, ɗan wannan gida ne. Yawancinsu kan watse a teku ba wanda ya ji labarinsu. Kaɗan daga ciki, idan suka sami ruwan teku mai ɗumin digiri 26 ko 27, kuma iskar sama ba ta yayyaga su ba, sai su fara juyawa suna shan tururin teku, har gudun iskarsu ya kai kilomita 119 a sa'a. Daga nan ne ake kiran abin mahaukaciyar guguwa.

Tarin hadarin da ya zama Harvey ya bar gaɓar Afirka ta Yamma wajen 12 ga Agusta 2017. Ranar 17 ga wata aka sa masa suna, a gabas da tsibirin Barbados. Kwana biyu bayan haka ya raunana a Tekun Karibiyan, har aka daina lissafa shi cikin guguwowi. Ragowarsa ta tsallake zirin Yukatan na ƙasar Mekziko, ta sake faɗawa ruwa mai ɗumi, ranar 23 ga wata ta farfaɗo. Washegari ta zama mahaukaciyar guguwa, kuma a daren Juma'a 25 ga wata ta hau tudu kusa da garin Rockport a jihar Teksas, tana mataki na 4 cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, da iska mai gudun kusan kilomita 215 a sa'a.

A duk tsawon wannan tafiya ana biye da ita. Taurarin ɗan'adam na aiko da hotonta dare da rana. Jiragen sama na soja da na hukumar yanayi na kutsawa cikinta har tsakiya, suna sako ƙananan na'urori masu laima da ke auna matsin iska da zafi da damshi yayin da suke gangarowa zuwa teku. Ana zuba waɗannan alƙaluma cikin manyan kwamfutoci, sannan masana a cibiyar lura da guguwa da ke Mayami su fitar da sanarwa duk bayan sa'a shida, tare da taswirar da aka zana hanyar da ake tsammanin za ta bi cikin kwana biyar masu zuwa.

Tsakanin hasashe da da'awar gaibu

Duk wanda ya dubi wannan taswira zai ga ba siririn layi ba ne kaɗai a kanta. Akwai wani zane mai kama da mazurari, tsukakke a inda guguwar take yau, yana buɗewa gwargwadon nisan kwanakin da ake hasashe. Faɗin mazurarin nan daga kurakuran shekarun baya aka lissafo shi, ta yadda tsakiyar guguwa kan kasance a cikinsa kamar sau biyu cikin uku. Wato masanin da kansa yake zana iyakar saninsa a kan takarda, ya miƙa wa jama'a. Boka da ɗan duba ba sa yin haka. Sukan yi magana da yankan shakku a kan abin da ba su da wata hanya ta saninsa. Malamanmu sun daɗe da bambance tsakanin da'awar sanin abin da Allah Ya keɓanta da saninsa, da kuma karanta alamomin da Ya shimfiɗa a halittarSa bisa al'adar da Ya gudanar. Tsohuwar da ta ga gabas ta haɗe ta ce a kwashe shanya ba ta yi da'awar gaibu ba, haka ma likitan da ya auna jini ya ce ciwon sukari na tafe. Na'ura ta ƙara wa ido nisa ne kawai. Abin da aka hana shi ne jingina saukar ruwa ga tauraro ko ga iska a matsayin su ne masu aikatawa, da yin magana kan gobe kamar tana hannun mai maganar.

Harvey kanta ta nuna wannan iyaka. Guguwar da aka cire daga lissafi ranar 19 ga wata, ita ce ta tashi daga rauni zuwa mataki na 4 cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i, da saurin da ya wuce abin da aka fara tsammani. An san abu da yawa game da ita, an kuma jahilci abu da yawa, kuma wanda ya san aikinsa a cikin masanan bai ɓoye hakan ba.

Haka nan aiki da irin wannan sani bai saɓa wa tawakkali ba. Annabi Yusufu, alaihis salam, da aka sanar da shi shekarun fari na tafe, tanadin hatsi ya tsara na shekara bakwai. Annabi Nuhu, alaihis salam, jirgi ya sassaƙa tun ƙasa tana busasshiya. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da labari ya iske shi a hanya cewa annoba ta ɓarke a Sham, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa wanda ya yi masa inkari cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Wanda aka gaya masa ruwa na zuwa, yana da ikon tashi, ya zauna da 'ya'yansa yana cewa ya dogara ga Allah, ya yi sakaci da amanar da ke wuyansa, ko da ya sa wa sakacin suna mai daɗi.

Abin da gargaɗi ya tsare

Don mu san darajar wannan bin sawu, sai mu koma wannan gaɓar teku ta Teksas a ranar 8 ga Satumba 1900. A ranar wata guguwa mai ƙarfi irin na Harvey ta afka wa birnin Galveston, wanda ke kan tsibiri kimanin kilomita 80 daga Houston. Babu tauraron ɗan'adam a lokacin, babu jirgin sama. Teku ta tumbatsa ta haye garin, mutum 6,000 zuwa 12,000 suka halaka. Har yau babu wani bala'in yanayi da ya ci rayuka kamarsa a tarihin Amurka.

Da Harvey ta tunkaro, an umarci mazauna garuruwan bakin teku su tashi tun kafin ta iso. A Rockport wani jami'in gari ya kai ga cewa duk wanda ya nace sai ya zauna, to ya rubuta sunansa da lambar shaidarsa a hannunsa don a gane gawarsa. Magana ce mai ɗaci, amma ta tayar da wasu da lallashi bai tayar ba. Iska ta ragargaza garin, teku ta hau tudu, duk da haka rahoton ƙarshe na cibiyar Mayami ya nuna ba a sami mutum ko ɗaya da tumbatsar teku ta kashe ba. Abin da ya halaka dubbai a 1900 bai ci rai guda ba a 2017. Wannan ni'ima ce daga Allah da ta zo ta hannun mutanen da suka ɓata shekaru suna karatun lissafi da ilmin iska, kuma ya kamata ɗalibanmu su lura da wannan.

Abin da gargaɗi bai tsare ba

Sai dai labarin bai ƙare a bakin teku ba. Da guguwar ta hau tudu, iskokin sama da kan tura irinta gaba suka yi rauni, sai ta tsaya cik tana jujjuyawa a kudancin Teksas kusan kwana huɗu, gefe ɗaya nata a kan teku yana ɗebo ruwa, ɗaya gefen yana juye shi a kan Houston da kewaye, fiye da kilomita 200 daga inda ta sauka. A kusa da garin Nederland an auna ruwan sama milimita 1,539, wanda ya zarce abin da Kano ke samu a damina cikakkiya. Har sai da hukumar yanayi ta ƙara sababbin launuka a taswirarta, domin waɗanda take da su ba su kai yawan ruwan ba. Gine-gine sama da 300,000 ruwa ya shiga, motoci kusan 500,000 suka nutse, asarar ta kai kimanin dala biliyan 125. Mutum 68 ne guguwar ta kashe kai tsaye, kuma in ban da uku, duka ambaliyar ruwan sama ce ta ci su.

Abin lura shi ne wannan ma an hango shi. Tun kafin guguwar ta iso masana suka ce za ta tsaya, kuma ruwa zai iya kai mita guda a wasu wurare. To, me ya hana a kwashe mutanen Houston? A nan ne ya kamata mu yi adalci, domin lamarin ba mai sauƙi ba ne. Gwamnan jihar, Greg Abbott, ya shawarci jama'a su yi tunanin ficewa. Magajin garin Houston, Sylvester Turner, ya ce su zauna a gida. Hujjarsa ita ce abin da ya faru a 2005, lokacin da guguwar Rita ta tunkaro, 'yan makonni bayan Katrina ta nutsar da New Orleans. Miliyoyin mutane suka hau titi lokaci guda, motoci suka cushe na tsawon yini da kwana cikin tsananin zafi, mai ya ƙare, wata motar safa ɗauke da tsofaffi ta kama da wuta ta kashe fiye da 20. Mutum sama da 100 suka mutu a gudun, guguwar kuma ta karkata ba ta daki Houston sosai ba. Yankin da ke da mutum sama da miliyan 6, da an zuba su kan titunan da daga baya suka zama koguna, Allah kaɗai Ya san adadin da za a rasa. Har yau ana muhawara a kan wannan hukunci, amma ya koya mana cewa sanin bala'i na zuwa abu ne daban, sanin yadda za a yi da miliyoyin mutane kuma abu ne daban, kuma na biyun ba a tsara shi ranar da hadari ya haɗo.

Idan muka dubi waɗanda ruwan ya fi cutarwa, za mu ga ba a makance ya zaɓa ba. Akwai yara huɗu da tsofaffi biyu 'yan gida ɗaya da ruwa ya tafi da motarsu a kan gada suna neman tudu. Akwai tsofaffin wani gidan kula da gajiyayyu a garin Dickinson, waɗanda aka ɗauki hotonsu zaune ruwa ya kai musu ƙugu, ba a kai musu ɗauki ba sai da hoton ya bazu a intanet. Akwai baƙin haure marasa takardu da suka ji tsoron shiga matsuguni kada a kama su, har sai da magajin gari, wanda lauya ne, ya fito ya ce su nemi taimako, shi da kansa zai tsaya musu. Akwai dubban iyalai a bayan madatsun ruwa na Addicks da Barker, waɗanda da yawansu ba su san an gina gidajensu a cikin filin da aka tanada don ruwa ya kwanta ba, da wasu a gaban madatsun da ruwa ya mamaye bayan an buɗe ƙofofi ranar 28 ga wata don kada ginin ya ɓalle. Mafi yawan waɗanda gidajensu suka nutse ba su da inshorar ambaliya. Sanarwa ɗaya ce ta shiga wayar mai mota da kuɗin otal, ta shiga wayar gurgu da mai jego da wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata ba. Na farkon ya karanta ya tashi. Sauran sun karanta sun zauna, domin ba su da ƙafar gudu.

Waɗanda suka cike giɓin

An ƙiyasta cewa an ceto mutum kusan 30,000 daga cikin ruwa, kuma hukuma ba ta iya wannan ita kaɗai ba. Da layukan kiran gaggawa suka cushe, jami'ai suka roƙi duk mai kwale-kwale ya fito. Masunta da mafarauta daga jihar Luwiziyana suka janyo jiragensu na ruwa a bayan motoci, suka shiga unguwanni gida-gida. Wani mai sayar da katifu da kujeru ya buɗe manyan shagunansa, mutane suka kwana a kan kayan sayarwa.

Musulmin Houston, waɗanda su ma ruwa ya shiga gidajensu, sun buɗe masallatai da dama a ƙarƙashin babbar ƙungiyarsu ta birnin, suka mai da su matsugunai dare da rana, ba a tambayar mai shigowa addininsa. Likitocin cikinsu suka duba marasa lafiya, iyalai suka kawo abinci da barguna da kayan jarirai. Sai ga Babbar Salla ta 1438 ta faɗo ranar Juma'a 1 ga Satumba, masallatai na cike da 'yan gudun ruwa. Shugabannin ƙungiyar suka ce ba za a tayar da kowa don salla ba. Idan wuri bai isa ba, masallata su yi sahu a filin ajiye motoci. Muna ganin wannan fiƙihu ne mai kyau. Sallar idi tana inganta a fili, asalinta ma a fili ake yin ta, amma tsohuwar da gidanta ke ƙarƙashin ruwa ba ta da wani rufin. Ceton wanda ke cikin halaka farilla ce a kan al'umma: idan wasu suka tsaya da ita an sauke wa saura, idan kowa ya kau da kai kowa ya ɗauki zunubi.

Ga mai cewa azaba ce

Mun san abin da ke sa wasu faɗin haka. Akwai raunuka na gaske da manufofin gwamnatocin Amurka suka bari a ƙasashen Musulmi, kuma ba mu ce a manta da su ba. Amma mu tambayi kanmu, wa ya nutse? Yaran da ke cikin motar nan ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. Leburan da ya tsallako daga Honduras yana aikin gini bai aika soja ko'ina ba. Houston na cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, kuma ruwa bai tsallake ƙofarsu ba. Mun yi imani bala'i kan zo jarrabawa ga wani, kankarar zunubi ga wani, tunatarwa ga wani, uƙuba ga wani. Amma rarrabe wane ne wane a cikinsu, wannan shi ne gaibun na gaskiya. Abin mamaki ne mutum ya tuhumi mai auna matsin iska da shiga hurumin Allah, sannan shi ya zauna a kan benci yana bayyana dalilin da ya sa Allah Ya saukar da ruwa a kan wane. Koyarwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, idan iska ta taso ita ce tsoron Allah da roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta, kuma addininmu ya hana murna da musibar wani. Idan kuma duk wanda ruwa ya ci abin fushi ne, me za mu ce da bayin Allah na Maiduguri da ruwa ya tasa cikin dare a watan Satumba na 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle?

Abin da ya rage a wuyanmu

Mahaukaciyar guguwa irin Harvey ba ta zuwa ƙasar Hausa, domin ba mu da tekun da za ta sha. Amma abin da ya kashe mutane a Houston ruwan sama ne da koguna da madatsu da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, kuma duk waɗannan muna da su. Gargaɗi ma muna da shi. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA mai lura da koguna kan bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ke barazana gare su. Duk da haka a 2022 ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya. Sanarwar takan tsaya a Abuja, a gaban 'yan jarida, ba ta isa kunnen mai gona a bakin Kogin Haɗeja ba, ballantana a gaya masa inda zai kai iyalinsa da awakinsa.

Babban nauyi na hukuma ne: gyaran madatsu, yashe magudanai, hana sayar da filin da ke kan hanyar ruwa, da tanadin wurin da za a kai mutane. Jami'in da ya sa hannu aka yanka fuloti a cikin kwari, ko aka ba shi kuɗin gyaran madatsa ya karkatar, ba zai laɓe a bayan ƙaddara ba ranar da za a tambaye shi. Amma akwai abin da ke hannunmu tun yau. Babu wata hukuma a ƙasar nan da ke tara jama'a sau biyar a yini kamar masallaci. Liman zai iya karanta hasashen damina da Hausa bayan sallar Juma'a, ya gaya wa mutane cewa aiki da shi ba raunin imani ba ne. Kwamitin masallaci zai iya sanin gidajen unguwa da ke da tsoho ko gurgu ko makaho ko marayu, da makarantun allo da ke kwana a ƙasa kusa da rafi, ya kuma san wane mai mota ko mai Keke Napep zai ɗauki wane idan dare ya yi tsanani. Za a iya yanke shawara tun rani a kan wane masallaci ko makaranta ce ke kan tudu, kuma mabuɗinta na hannun wa. Masu zuba shara a kwata su ji daga mumbari cewa cutar da maƙwabci suke yi. Ɗalibanmu masu kaifin lissafi kuma mu daina nuna musu cewa ilmin yanayi da na ruwa ilmi ne na banza. Al'ummar da ba ta da masu karanta mata sama da kogi ta bar wata farilla ba mai tsayawa da ita.

An cire sunan Harvey daga jerin sunayen guguwa a 2018 saboda girman ɓarnarta, ba za a sake kiran wata da shi ba. Amma hadarin da ke haifar da irinta yana nan yana ratsa sararinmu kowace damina, ya shayar da geronmu, ya wuce yamma. Idan muka sake ganin farin faifan nan a waya, mu yi wa waɗanda ke kan hanyarsa addu'a, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba, sannan mu ajiye wayar mu tambayi kanmu: a layinmu, wa zai ji gargaɗi ya kasa tashi, kuma wa zai je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa?

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci daga cikin Musulmi, Ya sanyaya zukatan duk waɗanda suka yi rashi, Ya sa damunanmu su zama na albarka, Ya kare mu daga sakaci da amana. Allah ne Mafi sani.